Tambaya da Amsa: Yadda ake jera maɓallai a gurabu, da yadda ake gane wanda aka danna

A wannan fitowa tambayoyi huɗu ne suka zo a kan abu guda: manhajar kwamfuta mai allo na gurabu, kowane gurbi da maɓallinsa. Mun haɗa su wuri ɗaya domin amsar ɗaya tana buɗe ta ɗaya. Inda muka ce sahu muna nufin layin kwance, ginshiƙi kuma layin tsaye.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, ina gina wasan dara da harshen C# a Windows Forms. Allon sahu 5 ne da ginshiƙi 6. Na jawo maɓallai 30 da linzami na jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa aikin dannawa. Yanzu duk gyaran da zan yi sai na bi wurare 30. Akwai hanya mafi sauƙi?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma gara ka goge maɓallan nan yau ka sake, tun kafin ka ɗora dokokin wasa a kansu. Maɓallan da suka yi kama da juna, aikinsu ɗaya, ba a jera su da hannu. Zagaye biyu ake rubutawa, ɗaya cikin ɗaya: na waje yana bin sahu, na ciki yana bin ginshiƙi. Ajiye Panel guda a kan taga, ka sa masa suna falle, sannan ka rubuta wannan:

const int sahu = 5, ginshiki = 6, fadi = 60;
Button[,] gurabu = new Button[sahu, ginshiki];
int[,] allo = new int[sahu, ginshiki];

for (int s = 0; s < sahu; s++)
  for (int g = 0; g < ginshiki; g++)
  {
    var m = new Button();
    m.SetBounds(g * fadi, s * fadi, fadi, fadi);
    m.Tag = new Point(g, s);
    m.Click += AnDanna;
    gurabu[s, g] = m;
    falle.Controls.Add(m);
  }

Layuka ukun farko ka sa su a jikin ajin tagar, domin sauran ayyuka su iya ganinsu. Zagayen kuma ya zo bayan InitializeComponent, domin kafin nan falle bai wanzu ba tukuna. Da faɗin fiksel 60, allon zai ci 360 a kwance da 300 a tsaye, saboda haka ka tabbatar falle ya kai haka, in ba haka ba ginshiƙin ƙarshe zai ɓuya.

Lura da wurin da aka fi tuntuɓe. Nisa daga hagu ginshiƙi ne ke ba da shi, nisa daga sama kuma sahu. A Point, X ne ke zuwa farko, wato ginshiƙi, alhali a jerin gurabu sahu ne farko. Wanda allonsa 8 da 8 ne zai iya musanya su bai sani ba, wasan ya yi ta tafiya a karkace. Naka mai 5 da 6 zai tona asirin kuskuren nan take, domin da an taɓa ginshiƙi na shida manhajar za ta faɗi.

Aikin da ke karɓar danni guda ɗaya ne ga duka 30:

void AnDanna(object sender, EventArgs e)
{
  var m = (Button)sender;
  var p = (Point)m.Tag;
  Taka(p.Y, p.X);
}

Shi sender ɗin nan shi ne maɓallin da aka danna. Tag kuwa aljihu ne da kowane maɓalli ke da shi, ana sa masa duk abin da aka ga dama, mu kuma mun sa masa adireshinsa. Wasu sukan ɓoye adireshin a cikin sunan maɓalli, sannan su riƙa yanka sunan don ciro lambobi. Yana aiki har ranar da allon ya wuce sahu 10, lamba ta zama mai harafi biyu, yankan ya rikice. Tag ya fi tsabta.

Abin da muka fi so ka riƙe shi ne jerin nan na biyu mai suna allo. A cikinsa wasan yake zaune: 0 gurbi fanko, 1 ɗan wasa na farko, 2 na biyu. Maɓallai fuska ce kawai. Idan aka danna, Taka, aikin da za ka rubuta don dokokin wasa, ya duba allo ya ga ko takun halal ne, ya canja lambar, sannan ya kira wani ƙaramin aiki da zai sa wa maɓallin launi ko hoto daidai da lambar. Kada ka taɓa tambayar maɓalli launinsa don ka san ɗan wa ke ciki. Ranar da ka so ka haskaka gurbin da aka zaɓa da ruwan ɗorawa, launin asali ya tafi, kuma da shi sanin mai gurbin ya tafi. Da lambobi a allo, duba ko 'ya'ya uku sun jeru lissafi ne mai sauƙi, ajiye wasa a fayil kuma rubuta lambobi 30 ne kawai.

Dara tana da matakai biyu, zuba 'ya'ya goma sha biyu-biyu sannan tafiya, kuma tafiya danni biyu take buƙata: na farko ya zaɓi ɗa, na biyu ya nuna inda za shi. Don haka ka tanadi mazubi ɗaya (variable) da ke riƙe gurbin da aka zaɓa. In fanko ne, wannan danni zaɓi ne. In da abu a ciki, danni na tafiya ne, kuma da an gama a mai da shi fanko, ko takun ya yiwu ko bai yiwu ba.

In kana son allon ya riƙa buɗewa da tsukewa tare da taga, sauya Panel da TableLayoutPanel, ka ba kowane ginshiƙi da kowane sahu kaso daidai cikin ɗari, ka sa Dock na kowane maɓalli ya zama Fill. Shi ma wajen ƙara maɓalli ginshiƙi yake karɓa kafin sahu.

Tambaya, daga wata mai karatu a Maraɗi: Malam, na gina nawa allon da zagaye biyu kamar yadda ake koyarwa, amma maimakon Tag sai na rubuta m.Click += (a, b) => Taka(s, g); Ko wane gurbi na danna, manhajar sai ta tsaya da IndexOutOfRangeException. Na duba lambobin, kullum 5 da 6 take ba ni.

Amsa: 'Yar'uwa, lambobin da kika gani sun riga sun faɗi matsalar. Ƙaramin aikin da kika rubuta bai kwafi ƙimar s da g a lokacin da aka gina maɓallin ba. Mazuban kansu ya riƙe, sai an danna yake leƙa cikinsu. Kafin hannunki ya kai ga linzami zagayen ya daɗe da ƙarewa, kuma zagaye yana ƙarewa ne sa'ad da s ya kai 5, g ya kai 6. Ƙirgen jeri daga 0 yake farawa, gurbin ƙarshe shi ne 4 da 5, don haka 5 da 6 waje ne da allo.

Gyaran layi ɗaya ne. A cikin zagaye na ciki, kafin ki haɗa aikin, ki yi sababbin mazubai:

int ss = s, gg = g;
m.Click += (a, b) => Taka(ss, gg);

Su waɗannan ana haifar su sabbi a kowane kewaye, kowane maɓalli ya tafi da nasa. Za ki iya jin wani ya ce an gyara wannan tun C# 5 da ya fito a 2012. Abin da aka gyara a lokacin zagayen foreach ne kaɗai. Na for yana nan yadda yake har yau.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Kumasi: Da Python da tkinter nake koyar da ɗalibaina. Allonmu ba ya faɗuwa, amma duk maɓallin da aka danna, gurbin ƙarshe na ƙasa ta dama ne ke canjawa.

Amsa: Malam, ciwon ɗaya ne da na sama, alamar ce ta bambanta. A Python, range(5) yana barin mazubin a 4, ba ya kai shi 5, shi ya sa ba a fita daga allo, sai dai kowa ya taru a gurbin ƙarshe. Ka ɗaure ƙimar a lokacin gini: command=lambda s=s, g=g: taka(s, g). Ko ka yi amfani da partial daga functools, wanda ya fi sauƙin bayani ga ɗalibai. Ka kuma gargaɗe su da rubuta command=taka(s, g) kai tsaye, domin wannan yana kiran aikin sau ɗaya ga kowane maɓalli tun taga ba ta buɗe ba, daga nan danni ba ya yin komai. Kuma kada su haɗa grid da pack, hanyoyin jeri biyu na tkinter, a cikin uwa ɗaya, wato taga ko Frame guda. In ana son rubutun maki a sama, a sa allon cikin Frame nasa daban.

Tambaya, daga wani mai karatu a Garwa: Wasan binne nakiya (Minesweeper) nake yi a Windows Forms. Babban matakin, 30 da 16, yana aiki, amma bayan an sake wasa sau da yawa sai ya mutu da saƙon cewa an kasa ƙirƙirar hannun taga. Na gwada 100 da 100, bai ma buɗe ba. Sannan dannin dama don kafa tuta ba ya amsawa.

Amsa: Mu fara da mai sauƙin. Click na maɓalli ba ya tashi da dannin dama. Haɗa aikinka da MouseUp, ka duba ko e.Button ya yi daidai da MouseButtons.Right. In ka koma MouseUp don dama, gara ka karɓi na hagu ma a can, ka cire Click, kada aiki ɗaya ya gudana sau biyu. Ka kuma sani maɓallin da ka kashe da Enabled = false ba ya jin linzami sam. In kana son gurbin da aka buɗe ya ci gaba da amsawa, bar shi a kunne, allo ya tuna cewa a buɗe yake.

Mutuwar manhajar kuwa daga Windows take. A Windows Forms kowane maɓalli ƙaramar taga ce mai hannunta (handle) a wurin tsarin, wato lambar da Windows ke gane ta da ita, kuma bisa saitin asali Windows yana ba kowace manhaja irin waɗannan 10,000 ne. Allo mai 100 da 100 ya cinye su duka, ga ita babbar tagar da falle suna neman nasu. Na 30 da 16 kuwa maɓallai 480 ne. Muna kyautata zaton a kowane sabon wasa kana kiran Controls.Clear ka sake ginawa. Clear yana cire maɓallan daga gani ne kawai, ba ya sakin hannayensu. Ninka 480 sau 21 ka ga an wuce 10,000. Za ka iya kallon abin da idonka: a Task Manager, shafin Details, ƙara ginshiƙin USER objects, ka sake wasa kana duban lambar tana hawa. In dole ne a rushe allon, a kira Dispose a kan kowane maɓalli, ana bin jerin gurabu naka. Abin da ya fi shi ne kada a rushe: a mai da lambobin allo 0, a sake fentin maɓallan da ke nan. Wajen gini na farko kuma ka kira SuspendLayout kafin zagaye da ResumeLayout bayansa, don kada a riƙa sake lissafin shimfiɗa bayan kowane maɓalli.

Da zarar gurabu sun haura 'yan ɗaruruwa, shawararmu ita ce ka bar maɓallai gaba ɗaya. Yi aji naka da ya gaji Panel, ka sa DoubleBuffered = true a cikin maginin ajin don hana ƙyaftawa, ka zana gurabun da kanka a OnPaint daga lambobin allo. Gano gurbi rabawa ne kawai: ginshiƙi shi ne e.X / fadi, sahu e.Y / fadi. Danni a fiksel 130 da 75, da faɗin 24, ya faɗa ginshiƙi 5, sahu 3. Bayan canji ka kira Invalidate da murabba'in gurbin nan kaɗai, ba allon duka ba.

Tarko biyu ne a nan. In ka bar gefe na fiksel 10 kana cire shi kafin rabawa, danni a cikin gefen zai ba da lamba ƙasa da sifili, kuma C# yana yanke rabon zuwa sifili, wato -4 / 24 ya zama 0, sai a buɗe gurbin farko ba a taɓa shi ba. Duba iyaka kafin ka raba, ka kuma duba cewa sakamakon bai kai yawan sahu ko ginshiƙi ba. Na biyu, in allon yana gungurawa da AutoScroll, e.X yana auna daga abin da ke bayyane ne, don haka sai ka cire AutoScrollPosition.X daga cikinsa kafin rabawa, haka ma Y. Ƙimar tasa ƙasa da sifili take, cirewar ce ke ƙara nisan da aka gungura.