Da gaske ne ana maganin asma da zafi?

Tambaya: Likita, mijina ya daɗe yana fama da asma, da hunturu ya kama sai mu koma zaryar asibiti. Na ji ana gasa hanyoyin numfashi ciwon ya rabu da mutum. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, Allah Ya ba maigida lafiya. Aikin akwai shi, sai dai ba ya raba mutum da asma.

A bangon hanyoyin iskar huhu akwai siririyar tsoka. A jikin mai asma mai tsanani takan yi kauri, idan ta matse sai hanya ta tsuke, ki ji ƙirjinsa yana fito. Likita yakan zura bututu mai kyamara ta hanci ko baki, ya bi ta cikinsa da wata waya mai ɗan kwando a baki. Kwandon ya buɗe ya taɓa bango, ya ɗumama wurin zuwa digiri 65 a ma'aunin Celsius na daƙiƙa 10, a matsa gaba a sake. Zafin ne ke rage tsokar. Zama uku ake yi, da tazarar kamar mako uku: ƙasan huhun dama, ƙasan na hagu, sannan saman duka biyun.

A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar, mai suna Alair, ga 'yan shekara 18 zuwa sama waɗanda maganin shaƙa ya kasa riƙe ciwonsu. Bincike ya nuna tashin ciwo da gudu asibiti sun ragu, amma a makonnin aikin ciwon yakan ƙara tashi, har a kwantar da wasu. Ba a yi wa mai na'urar daidaita bugun zuciya, kuma bayan an gama ana ci gaba da magani. Ga tsada, ga ƙarancin masu yi, kamfanin na'urar ma ya daina sayar da ita, yanzu alluran asma mai tsanani irin su omalizumab sun fi shi kasuwa.

Ni dai ba daga nan zan fara ba. Da yawa cikin waɗanda ake cewa ciwonsu ya gagara, inhela mai buɗe ƙirji nan take kawai suke shaƙa, sun ajiye ta rigakafi da ake shaƙa kullum ko da lafiya lau. Wasu kuma suna fesawa, maganin yana tsayawa a harshe. Ku je wurin likitan huhu da inhelolin maigida duka, ya shaƙa a gaban likitan a gani, a gwada ƙarfin numfashinsa, a kuma duba hayaƙin itace, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da ke cikin gida.