Ina da larurar ADHD, me ya sa nake kasa tsayawa a kwalba ɗaya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni magidanci ne a Gombe, shekaruna 35. Bara aka tabbatar mini a asibiti cewa ina da larurar ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali da yin abu cikin gaggawa ba tunani, bayan na daɗe ina fama da mantuwa da rashin natsuwa tun ina firamare. Abin da na ɓoye wa kowa shi ne ina shan giya kusan kowane dare. Nakan yi niyyar kwalba ɗaya, sai in ga na sha huɗu, kuma na tuba na koma ba adadi. Larurar ce ke jawo haka, ko raunin imani ne kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ka lafiya. Batun imani na bar wa malamai, amma ta fuskar likitanci larurarka tana da hannu dumu-dumu a wannan lamari. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya gano cewa kusan kashi 23 cikin 100 na masu fama da shaye-shaye suna da ADHD, alhali a tsakanin manya baki ɗaya larurar ba ta wuce kashi 2 zuwa 3 ba.

Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne birkin mutum, shi ke sa ya dakata ya auna sakamako kafin ya aikata abin da zuciya ta raya masa. Birkin mai ADHD dama bai kamawa sosai, kuma giya wannan sashen take fara kashe wa ƙarfi. Saboda haka wanda ya ƙulla niyyar kwalba ɗaya da safe yana da cikakken hankalinsa, amma wanda ake jira ya cika alkawarin bayan kwalbar farko ya riga ya rasa ɗan abin da zai tsayar da shi. Ga kuma yadda sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, ke aiki a ƙwaƙwalwar mai wannan larura, wanda ke sa daɗin da ke gabansa yanzu ya rinjayi amfanin da sai bayan watanni zai gani.

Ban yi mamaki ba da ka ce da daddare ne. A lokacin hidimar yini ta ƙare, tunani ya yi ta kai-kawo ya hana barci, kuma idan kana shan magani da safe ƙarfinsa ya gushe. Giya takan kwantar da wannan hayaniya na awa ɗaya ko biyu, sai dai tana lalata barcin ƙarshen dare, mutum ya farka kafin asuba zuciya na bugawa, ya wuni cikin mantuwa da saurin fushi fiye da jiya, da yamma kuma ya sake neman abin da zai kwantar masa da kai.

A ganina, ga mai ADHD dainawa gaba ɗaya ta fi ƙirga kwalabe sauƙi, domin ƙirgen yana buƙatar ainihin abin da larurar ta raunana. Ka yanke shawarwarinka tun da safe: ka canza hanyar komawa gida idan ta bi ta mashaya, kada ka riƙe kuɗin da ya wuce na cefane da na mota, ka kuma ɗaure lokacin da ke tsakanin Magariba da kwanciya da wani abu mai motsa jiki wanda wani yake jiranka a kansa, ko ƙwallo ko tattaki da aboki. Mutum ɗaya mai riƙon sirri ya kamata ya sani.

Amma kada ka yanke sha lokaci guda kai kaɗai. Wanda ya saba sha kullum zai iya fara rawar hannu da gumi da tashin zuciya cikin awa 6 zuwa 24, wani ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, a kwana na biyu ko na uku kuma ya ruɗe yana ganin abubuwan da babu su. Sau da yawa iyali sukan ɗauka aljanu ne, a yi ta hayaƙi a gida, alhali hali ne da kan yi kisa idan ba a kai asibiti ba. Ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a tsara maka yadda za ka daina a ƙarƙashin kulawa.

Ka faɗa wa likitan gaskiyar yawan abin da kake sha, sirrinka amana ne a wurinsa. Maganin ADHD mai suna methylphenidate yakan rufe alamun maye, mutum ya sha fiye da ƙima bai ankara ba, don haka idan shi kake sha, likita zai iya sauya maka shi da atomoxetine, wani maganin ADHD ɗin. Akwai kuma naltrexone mai rage sha'awar giya, wanda ake bayarwa bayan an duba lafiyar hanta. Idan kana taɓa tramadol ko kodin, wajibi ne ka ambata tun kafin a rubuta maka shi, domin haɗuwarsu takan jefa mutum cikin matsanancin ciwon jiki da amai nan take.