Bambancin 햇빛, 햇볕 da 햇살 a Koriyanci

Ɗan'uwa, ka ce kalmomin nan uku na hasken rana suna rikita ka. Tushensu ɗaya ne, 해 (hae), wato rana. 햇빛 (haetbit) hasken da ido ke gani ne. 햇볕 (haetbyeot) kuwa ɗumin da jiki ke ji. In ka shanya wanki ko barkono, shi ke busar da su. 햇살 (haetsal) hasken nan ne da ke ratsowa siri-siri ta taga da hantsi.

Na daɗe ina kuskuren cewa 해 da nufin yini, kamar yadda muke yi a Hausa. Kalmar yini 날 (nal) ce. 해 ma wani lokaci shekara yake nufi. Furuci kam sai malami ɗan Koriya ya saurare ka, don in an haɗa wa 햇볕 ɗafin 이 (i) ya zama 햇볕이, "haeppyeochi" ake faɗa.