Sharhin kaya: kar ka tsaya ga abin da ke jikin kwali

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa, a Kamaru. Na fara rubuta sharhi a kan wayoyi da ƙananan kayan lantarki don masu niyyar saye, amma ko abokaina ba sa kai wa ƙarshe. Na tara sefa dubu 90. In sayi kwamfuta ta hannu ko rubutun zai gyaru? Ga sharhina na fawa bank na haɗo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka dakata da maganar kwamfuta tukuna. Wayar da ka turo saƙon nan da ita ta ishe ka rubutu da ɗaukar hoto. Na karanta sharhin naka, kuma na ga inda gizo ke saƙar: abin da aka buga a kwali ka kwafo. "10,000 mAh, caji mai sauri, ga kyau." Mai shago ma haka zai ce, to me zai zaunar da mutum ya karanta naka?

Mu tsaya a kan fawa bank ɗin. Wannan 10,000 mAh, wato ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka, da batirin ciki aka auna ta, mai ƙarfin volt 3.7. Kafin wutar ta shiga waya sai an ɗaga ta zuwa volt 5, wani kaso kuma ya salwanta a zafi. Abin da ke fitowa a zahiri yawanci tsakanin 6,000 ne da 7,000. Ke nan wayar da batirinta 5,000 ne, irin Tecno da Infinix da suka cika hannun mutanenmu, cikawa ɗaya za ta samu da ɗan ƙari, alhali a kasuwa sai a ce maka sau uku. Ka cika shi taf, ka jona wayar da ta mutu, ka duba agogo, ka rubuta abin da idonka ya gani. Da wannan za ka buɗe sharhin, ba da tarihin kamfani ba.

Kuma kana da abin da mai sharhi a Faransa ba shi da shi. Bai san zafin Marwa na Maris da Afrilu ba, lokacin da ake haura digiri 40, batirin lithium kuwa ba ya shiri da zafi. Bai san ƙurar hunturu da ke toshe ramin caji ba, balle daren da ruwan madatsar Lagdo mai ba da wutar lantarki ya ja baya, wuta ta yi wuya, ga jarrabawa gobe. Kaya ya yi sati biyu a aljihunka cikin wannan hali kafin ka ce uffan a kansa. Sannan ka faɗi wanda ya dace da shi: abin da zai wadaci ɗaliba mai karatun dare ba lallai ya wadaci mai mashin ɗin haya da ke yini a rana ba. Aibi ma ka faɗe shi ƙarara, ko da ɗaya ne. Ni dai sharhin da babu aibi ko kaɗan a ciki ba na yarda da shi.

Farashi ka haɗa shi da wuri da wata, don na Garwa ba na Kusiri ba ne, kayan da ke shigowa daga Najeriya kuma suna bin hawa da saukar naira. In waya ce, ka koya wa mai karatu ya danna *#06# ya gwada lambar shaidar wayar (IMEI) da ta kwali kafin ya biya.

Kuɗin naka, ka cire kaɗan ka sayi ƙananan kaya biyu masu aiki iri ɗaya, misali fitilun sola, ka gwada su gefe da gefe. Sauran ka adana don data. Wayoyi kuwa ka ara wajen abokan da suka yi wata shida da su, ka tambaye su me ya fara lalacewa. Watarana wani ɗan kasuwa zai ba ka kaya kyauta don ka yaba. In ka karɓa, ka sanar a layin farko cewa kyauta aka ba ka, kuma tun a shagon ka gaya masa cewa abin da ka gani za ka rubuta.