Abincin Gida da Rage Ƙiba: Amsoshin Likita

Yawancin saƙonnin da suka iso a wannan makon a kan abinci suke, musamman salon da ya yaɗu na ƙaurace wa kayan gwangwani da na leda da lemon kwalba, a koma ga abin da aka girka a gida da kayan gona. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata uku ke nan da na daina shan lemon kwalba, na bar taliyar yara da biskit, na maye sukari da zuma, tuwona ma na acca ne. Amma duk lokacin da na hau sikeli kilo 92 ɗin nan ne bai motsa ba. Ko wahalar banza nake yi? Daga wata uwargida a Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, ba wahalar banza kike yi ba, kuma ina roƙonki kada ki koma gidan jiya. Sai dai akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su alhali kowanne da hukuncinsa. Ingancin abinci shi ne ke kare zuciya da jijiyoyin jini da hanji. Nauyin jiki kuwa yana bin yawan kuzarin da ya shiga ciki ne idan aka gwada shi da wanda jiki ya ƙona, kuma wannan kuzarin shi ake aunawa da kalori. Duk rarar da jiki ya samu kitse yake mayar da ita ya ajiye, ko daga gona abincin ya fito ko daga masana'anta.

Wurin da na fi zargi a gidajenmu shi ne tukunyar miya. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, yayin da na hatsi ko tsokar nama bai wuce 4 ba, saboda haka cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. To, wa ke auna mai da cokali? Ana karkata galan ne a kwarara har sai markaɗen tumatur ya nutse, a soya shi har man ya taso ya kwanta ja a saman miya, sannan uwargida ta gamsu cewa miya ta yi. Idan an kwashe tuwo a ƙara man shanu, idan shinkafa da wake ce a malala mai da yaji. Man nan na gida ne, mai kyau ne, amma mutum zai iya shan kalori 400 ko 500 daga gare shi a rana guda ba tare da ya ji ya ƙara ko loma ɗaya ba.

Zuma ma haka take. Cokalinta yana da kalori kusan 64, wato ya ɗan ɗara cokalin sukari, kuma jiki kusan hanya ɗaya yake bi da su. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da aka zuba wa sukari ba su da nisa da lemon da kika bari. Gyaɗa abinci ce mai amfani, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, kuma ana iya cinye hakan ana hira. Acca hatsi ce mai kyau, sai dai malmala biyu ta acca ba za ta sa ki rame ba.

Shawarata ita ce ki riƙe duk abin da kika fara, ki ƙara da awo. Ki auna mai da cokali kafin ya shiga tukunya, ki tsaya a malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, ki cika sauran kwanon da miyar ganye da ɗan kifi ko nama ko wake, abin shanki kuma ya zama ruwa. Ki haɗa da tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙaranci ga baligi. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, wato kilo 5 zuwa 9, ya isa ya sauke hawan jini da sukarin jini. Ki riƙa auna ƙugunki da tef ɗin tela ma, domin ana so kewayen ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum. Idan kin yi haka na wasu watanni babu canji, ki je asibiti a duba ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro, a kuma duba magungunan da kike sha, domin irin su prednisolone da wasu alluran tazarar haihuwa suna ƙara nauyi.

Tambaya: Likita, wani abokin aikina ya ce batun irin abinci zance ne kawai, muddin mutum ya rage yawa zai rame ko da fanke da lemo yake rayuwa. Gaskiya ne? Daga wani ma'aikacin gwamnati a Malali.

Amsa: Malam, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Idan mutum ya iya riƙe yawan kalori ƙasa da buƙatarsa, zai rame ko me yake ci. Matsalar tana cikin wannan iyawar. A shekarar 2019 wani masani mai suna Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka sun ajiye mutum 20 a asibiti na tsawon mako huɗu. Mako biyu an ba su abincin masana'anta da aka sarrafa sosai, mako biyu kuma abincin da ba a sarrafa ba, an daidaita yawan sukari da mai da gishirin da aka gabatar musu a ɓangarorin biyu, aka ce kowa ya ci iya ƙoshinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a makonnin ɗaya abincin kuma suka rage kusan kilo ɗaya. Mutanen kaɗan ne, lokacin ma gajere ne, amma sakamakon ya dace da abin da kowa ya sani a cikinsa: wanda ya karya da ɗanwake ko fate yana kai wa azahar bai nemi komai ba, wanda ya karya da farin burodi da shayi mai sukari kuwa kafin hantsi ya dubi ludayi yunwa ta dawo. Wake da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa ba suna daɗewa a ciki, su ne ke sa rage abinci ya zama abin da za a iya jurewa.

Ragowar gaskiyar da abokinka ya bari ita ce ramewa daban, lafiya daban. Muna ganin siraran mutane da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan ne ya fi damuna, domin yawan gishiri yana janyo hawan jini, sikeli kuwa ba ya nuna gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, alhali dunƙulen da muke marmasawa uku ko huɗu a tukunya guda mafi yawansa gishiri ne, sannan a ƙara barbaɗa wani gishirin a kai, ga na burodi da kilishi da yajin tsire. Daddawa da albasa da tafarnuwa da cittarmu ta Kachia suna iya ɗaukar kaso mai yawa na aikin ɗanɗano idan aka rage dunƙule a hankali, harshe kuma yana sabawa cikin 'yan makonni. Hukumar ta kuma ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, wato kimanin giram 50, kuma da yawa daga lemukan kwalba masu rabin lita guda ɗaya ya cinye wannan adadin. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta sanya wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya hana kowa sha ba, don haka hanin ya rage ga mai sha.

Tambaya: Likita, ni malamin firamare ne, albashina ba zai sayi man zaitun da tuffa da kayan babban kanti da ake nunawa a Facebook ba. Talaka ba shi da rabo ke nan? Daga Rigasa.

Amsa: Malam, rabonka ya fi na mai sayen kayan kanti. Abin da ake so shi ne aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a kullum, kuma ba a ce sai na ƙetare ba. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kabewa, yalo, karas da kabeji duk suna cikin lissafi, haka gwaiba da gwanda da mangwaro da lemu a lokacinsu, kuma zagaye ɗaya a kasuwar Bakin Dogo ko ta Kawo ya isa. Doya da rogo da dankali ba sa cikin wannan lissafin, ɓangaren tuwo suke. Gero da dawa da wake sun wadatar. Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai shi ne gyaɗa da masarar da suka yi funfuna saboda rashin bushewa ko mugun ajiya, domin suna ɗauke da gubar aflatoksin mai janyo kansar hanta, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai ciwon hanta nau'in B. Duk ƙwayar da ta canza launi ko ta yi ɗaci a zubar da ita, kada araha ta ja ka.

Tambaya: An auna ni an ce sukarina ya kusa kai wa ciwo. 'Ya'yana sun ce in bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya. In bi maganarsu? Daga wani dattijo a Tudun Wada.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba dole ba ne ka bar tuwo. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford, aka wallafa a 2018, an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage mai wasu suka rage dangin hatsi da sukari, dukkansu kuma aka umarce su da yawaita ganye da girkin gida. Bayan shekara guda kowane ɓangare ya rage kimanin kilo 5 zuwa 6, babu wani bambanci na a zo a gani. Tsarin da mutum zai iya ɗorewa a kai shi ne ke aiki, kuma ban ga dattijon da ya tashi da tuwo zai bar shi har abada ba. Ka rage girman malmala, ka fifita tuwon dawa ko gero a kan na shinkafa da farin gari, ka yawaita miya, ka cire sukari daga koko da fura da shayi.

Matakin da kake kai kuma ana iya juya shi. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002, mai mutum fiye da 3,000 masu irin matsayinka, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin ɗari. Tafiya zuwa masallaci da ƙafa tana cikin lissafi idan an ɗan ɗaga ƙafa. Hadisin nan na kasa ciki uku, kaso na abinci, kaso na ruwa, kaso na numfashi, ma'auni ne da ya dace da kai. Amma wanda ya riga ya fara shan maganin sukari ko allurar insulin kada ya rage abinci farat ɗaya sai da sanin likitansa, domin sukari na iya faɗuwa har ya suma.

Tambaya: Likita, shayin rage tumbi da ake cewa yana wanke dattin ciki fa? Daga wata amarya a Barnawa.

Amsa: Malama, ki bar shi. Yawancinsu ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari, abin da sikeli ke nuna ya ragu ruwa ne, kuma yana dawowa da zarar kin sha. Yawan amfani da su yana zubar da sinadarin fotasiyom da zuciya ke buƙata, yana wahalar da ƙoda, yana kuma sa hanji ya kasa aiki sai da su. An sha samun sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana yin abin da ake tallarsa da shi. Hanta da ƙoda su ne ke tace jini, kuma idan kina da ciki ko kina neman sa, haɗarin shayin ya ninka.

Tambaya: 'Yata mai shekara 17 ta daina cin abincin gida, ta ce akwai mai da dunƙule. Kokwamba da ruwan zafi kawai take sha, ta rame, al'adarta ma ta ɗauke. Daga wata uwa a Sabon Tasha.

Amsa: Mama, wannan saƙon shi ne ya fi gaggawa a cikin duka na yau. Kula da abinci yana iya zarcewa ya zama ciwo, inda tsoron abinci ke mamaye tunanin mutum har ya cutar da jikinsa, kuma 'yan mata masu shekarunta ne ya fi kamawa. Ɗaukewar al'ada alama ce ta cewa jiki ya rasa kuzarin da zai gudanar da aikinsa, a shekarun da ƙashi ke ginuwa kuma jini ke buƙatar sinadarin ƙarfe. Faɗa da gori da tilastawa ba sa magance shi, sukan sa yarinya ta koma ɓoyewa. Ki zauna da ita cikin lallashi, ki ji abin da take tsoro da abin da take kallo a waya, sannan ki kai ta asibiti a cikin wannan makon, a auna nauyinta da jininta da bugun zuciyarta, a duba sauran abubuwan da ke ɗauke al'ada, a haɗa ta da masanin abinci da likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa duk suna kusa da ku. Idan ta fara jiri ko suma, ko ta ce zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ku tafi sashen gaggawa a ranar.