Ga ɗan'uwan da ya ɗauki biro ya rasa makin da zai ba finafinan bara

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya yaye maka, ya musanya maka da abin da ya fi alheri. Ka ce tun da aka sallame ku daga aiki a farkon 2025 ka koma kallo dare da rana, kuma yanzu da 'yan zauren nan suke jera finafinan da suka kalla suna ba su maki kamar yadda aka saba duk ƙarshen shekara, kai ka zauna za ka rubuta naka sai ka tarar duk sun cakuɗe maka, ba ka iya bambanta mai kyau da maras kyau. Ka tambaya ko finafinan ne suka lalace ko kuwa kai ne, sannan ta yaya mutum zai ba da maki ba tare da ya zalunci kowa ba. Ban iya wuce tambayar nan ba, domin halin da ka siffanta shi ne halin da na shafe rabin shekarar ina ciki.

Waɗanda suka daɗe a nan sun san ina da shagon caji da tura finafinai, kuma sun san ba ni kaɗai nake riƙe da shi ba. Ni na zuba jari, na sayi kwamfuta da rumbunan ajiya da ƙaramin janareto, shi kuma abokin nawa, wanda tare muka yi karatun allo a gaban malami ɗaya, yana tsaron shagon daga la'asar zuwa dare, ana raba riba duk ƙarshen mako. A goman ƙarshe na azumin bara, cikin watan Maris, daidai lokacin da kasuwarmu take buɗewa saboda kowa yana son ya cika wayarsa kafin Sallah, na fito daga masallaci da asuba na biya ta shagon. Kwaɗon yana nan a kulle yadda aka saba barinsa, babu alamar an taɓa shi. Da na buɗe sai na ga tebur wayam, igiyoyin caji suna reto a jikin allo babu waya ko ɗaya a bakinsu, inda kwamfutar take zama kuwa ya fita fes a tsakiyar ƙura. Mukulli biyu ne a duniya, ɗaya yana aljihuna.

Abin da ya fi kayana ciwo shi ne wayoyin mutane da suka kwana a caji. Kafin hantsi ƙofar shagon ta cika, kowa riƙe da 'yar takardar lambar da muke bayarwa, ni kuma ina tsaye da azumi a bakina ban san da wanda zan fara ba. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi da wannan wayar ɗanta yake kiranta daga Legas, ta juya ta tafi, kuma har yau idan na tuna tafiyar tata sai in ji gara a ce zagina ta yi. Babur ɗina na sayar na biya mutane. Da na je wurin mahaifinsa sai ya ce in yi haƙuri, yaro ne, sharrin shaiɗan ne; yaron da yake da mata da 'ya'ya. Ranar Sallah kuwa sai ga hotunansa cikin sabuwar shadda da hula zanna, yana yi wa al'ummar Musulmi barka da shan ruwa. Daga baya manyan unguwa suka zaunar da mu aka yi sulhu, ya amsa laifinsa yana sharar hawaye, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata, ya kawo na farko, daga nan ban sake ganin ko sisi ba. Yanzu haka ya dawo unguwa, a sahu ɗaya muke sallah, idan an sallame shi yake fara miƙo mini hannu, har ya tambaye ni ya kasuwa. Ya kasuwa! Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba, kuma kada wani ya zo ƙarƙashin wannan rubutu ya yi mini wa'azin yafiya, na sha shi har ya ishe ni.

A cikin rumbunan nan akwai abin da kuɗi ba ya saya. Shekara da shekaru ina bin tsofaffin kaset da faya-fayan CD, wasu tun zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai take tashe, ina mayar da su cikin kwamfuta: su Sangaya, su Wasila, da tarin finafinan marigayi Ibro. Har da wasu tsofaffin wasannin Baba Karkuzu da wani dattijo ya ba ni aron kaset ɗinsu. Kwanaki kaɗan bayan abin ya faru aka sanar da rasuwar Baba Karkuzu a Jos, Allah ya jiƙansa, mutane suna ta zuwa suna tambayata ko ina da wasanninsa, ni kuwa ko ɗaya ba ni da shi.

To daga nan ne na shiga irin kallon da kake magana. In kwanta a ɗaki, waya a kan ƙirji, wannan shiri ya ƙare wancan ya ɗauka da kansa, har a kira sallar asuba ban san sunan jarumin da nake kallo ba. Ga shi a watan Janairun shekarar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, saboda haka ɗan abin da ya rage a hannuna can yake tafiya, maiɗakina tana kallona ba ta cewa komai. Duk abin da na kalla a waɗannan watanni, da a lokacin aka ce in ba shi maki, da ba zai wuce 3 cikin 10 ba, ko da kuwa wane ne ya shirya shi. Saboda haka amsar rabin tambayarka ita ce, wanda ransa yake ɓace idonsa ne kawai a kan fim, kuma ba daidai ba ne ya yanke wa aikin mutane hukunci a wannan hali. Duk fim ɗin da ka kalla tsakanin sha biyun dare da asuba a watannin farko na zaman gidanka, ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya, ka ɗauka ba ka gan shi ba.

Amma kada ka ɗora wa kanka laifin duka, domin su ma finafinan suna da nasu. Tun da kasuwar CD ta mutu aka koma masu dogon zango a YouTube, abin da mai shiri yake samu ya rataya ne a kan yawan masu kallo da tallan da ake sakawa, don haka dole ya fito da sabon kashi duk mako ko labari ya ƙare ko bai ƙare ba. Akwai wani da na bi bara, ba zan kama suna ba, wanda a kashi ɗaya za a fara da maimaita abin da ya faru makon jiya, a saka tallan fili da na maganin gargajiya, a nuna mota ta tsaya a bakin ƙofa, maigadi ya taso ya buɗe, ta shiga, ya rufe, Hajiya ta fito ta hau bene taka ɗaya-ɗaya, sannan ta zauna ta ba ƙawarta labarin abin da mu masu kallo muka riga muka gani da idonmu. Wannan ko kana cikin farin ciki 2 cikin 10 ne makinsa, kuma biyun ma na mai ɗaukar hoto ne.

Abin da ya fara warware mini lissafi shi ne dakatarwar da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta yi a watan Mayu, lokacin da ta fitar da sunayen shirye-shirye 22 ta ce a tsaya da haska su sai an kai mata ta tace, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata. Ba zan shiga batun ko hukumar ta kyauta ko ba ta kyauta ba, an yi wannan muhawarar a nan har an gaji. Ni dai da na karanta jerin sunayen sai na riƙa tambayar kaina a kan kowanne: idan aka ce wannan ya tafi ke nan ba zai dawo ba, zan ji wani abu? Mafi yawansu ina kallonsu duk mako, amma waɗanda na ji zan yi kewarsu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ka gwada wannan da naka jerin. Wanda ka ji ko a jikinka, ba sai ka wahalar da kanka wajen nemo masa lamba ba.

Ga nawa makin, na waɗanda na sake zama na kalla da rana bayan hankalina ya fara dawowa. Labarina, ɓangaren labarin Mainasara, na ba shi 8 cikin 10. A karon farko haushinsa nake ji, domin a lokacin duk wani labari na gwada amanar mutane yana taɓa mini inda yake ciwo, amma da na sake kallonsa sai na ga irin aikin da Sadiq Sani Sadiq ya yi, yadda yake riƙe magana a ciki fuskarsa ta faɗi sauran, kuma Malam Aminu Saira ya san inda ake ajiye kyamara. Na rage biyu saboda attajirin da ya ɓad da kama ya zama talaka tsohon zance ne, kuma an ja wasu wurare fiye da kima. Gidan Badamasi 7 cikin 10, kuma ina jin nauyinsa a wuyana, domin shi ne abu na farko da ya sa na yi dariya da sauti bayan abin da ya same ni, har yarana suka leƙo su ga ko lafiya. 'Ya'yan da suke kewaya dukiyar mahaifinsu yana raye ba baƙin abu ba ne a kowace unguwa. Zangon farko na Kwana Casa'in, na 2019, da na koma masa, shi ma 8, saboda har yanzu ban ga wani shirin Hausa da ya nuna yadda ake ƙulla siyasar jiha da 'yan jarida da 'yan bangar siyasa kamarsa ba.

Mai Martaba kuwa, wanda aka ɗauka a Daura kuma Najeriya ta miƙa shi gasar Oscar a 2024, na ba shi 7, amma da sharaɗi. Fim ne na dawakai da fada da filin daga, an yi shi ne domin babban allo, kuma duk wanda ya kalle shi a waya mai tsagaggen gilashi bai ga rabin abin da aka kashe wa kuɗi ba. Wasu maganganun fadawa sun yi mini kama da karatu, shi ya sa bai kai 8 ba. Daɗin Kowa ba na ba shi maki, abin da ake yi tun 2015 ya wuce a auna shi da shekara ɗaya. Finafinan Indiya na fassara kuma maki biyu nake ba su, ɗaya na fim ɗaya na mai fassara, domin sau da yawa barkwancin mai fassarar ne yake riƙe mutum, fim ɗin kansa ba komai a ciki sai duka.

Sannan kada ka ba mai dogon zango maki alhali zangon bai ƙare ba, kuma kada ka leƙa abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyo kafin ka rubuta naka, yawancinsu masoyan jarumai ne suke faɗa da juna. Ka samu ƙaramin littafi, idan ka gama kallo ka rubuta layi biyu da kwanan wata, har da halin da kake ciki a ranar. Kuma don Allah, Malam, idan kuɗin sallamarka suka fito aka ce ku haɗa jari da wani, ko ɗan uwarku ɗaya ubanku ɗaya ne, a rubuta, a sa shaidu, mukulli kuma ya kwana a hannunka. Na san ba wannan ka tambaya ba, amma wanda ya rasa aiki shi ake fi kawo wa irin wannan tayin, kuma da fara'a ake zuwa. Duk wanda yake da tsofaffin finafinai kuma ya ajiye su wuri biyu, ɗaya a gida.

Ka kuma rage kallon kaɗaici. Ni abin da ya taimake ni shi ne komawa kallo tare da iyali bayan sallar isha'i, kashi ɗaya a kashe, domin idan maiɗakina ta ce wannan matar ƙarya take yi, ni kuma na ce a'a, gardamar da za mu yi ita take sa in tuna labarin washegari. Da safe kuma ka fita ko babu inda za ka, ka zauna a shagon wani, a nan ake jin labarin aiki. Ni ma a irin wannan zaman ne wani ya ba ni aron tsohuwar kwamfutarsa na sake buɗe shagon a watan Satumba, ko da yake har yanzu caji ne ya fi kawo ciniki.

Ba dole ba ne jerinka ya kai goma kamar na sauran mutane. Idan uku ne kawai ka iya tuna labarinsu daga farko zuwa ƙarshe, ka kawo ukun da makinsu mu gani, za mu yi gardama a kansu kamar na kowa. Wanda kuma yake da tsofaffin wasannin Baba Karkuzu ko finafinan Ibro na farko-farko, ko a kaset ne, ya yi mini magana ta gefe, zan zo har inda yake in kwafa in mayar masa da abinsa.