Ga ɗan'uwan da ke son gyara gidan mahaifinsu shi da ƙannensa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayarka ta fama mini mikin da na zaci ya warke. Ka ce gidan marigayi mahaifinku ne a cikin garin Sakkwato, wajen Ƙofar Rini, rabi ginin ƙasa rabi bulo, ɗakin tsohuwarku yana yoyo, kana so kai da ƙannenka ku riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan da abin da Allah ya hore, kuma ɗan baffanku da ya taɓa aikin gini ya ce a bar masa, zai yi muku da sauƙi. Kana tambayar ta ina za ku fara. Da na zo kan maganar ɗan baffan nan sai da na ajiye wayar na yi salati, don ni ɗan gwaggo ne ya yi mini.

Namu gidan ma haka yake, ɗakunan ciki na ƙasa ne tun na kakanmu, na waje Baba ya yi su da bulo. A ƙarshen 2023 na kwashi adashe, ƙanwata da ke aure a Birnin Kebbi ta sayar da 'yan kunnenta ta ƙara mini, na sayi siminti na jibge a zaure. Ɗan gwaggon nan ya zo har gida ya durƙusa gaban Inna, wai "Haba Yaya, ina raye ka kai kuɗinka ga bare?" Gwaggo ta aiko a gaya mini in rufa wa ɗanta asiri, ba shi da aikin yi. Inna ta ce naka sai naka. Aka ba shi makullin zaure don ya riƙa fitar da kaya da sassafe ba sai ya tashe ni ba.

Kowa a nan ya tuna yadda siminti ya haukace a farkon 2024, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, alhali ga masana'antarsa nan a Kalambaina, a hancinmu, manyan motoci na wuce mu da shi dare da rana. To a daidai lokacin ne buhunana suka fara yin ƙafa. Ba ya ɗauka daga gaba, daga bayan jerin yake zarewa ya cike gurbin da buhunan da aka juye, ya cusa musu yashi ya ɗinke baki. Wanda ya leƙa zaure zai ga kaya cif. Abin da ya rage shi ya dama da yashi har ya fi ƙarfinsa, ya shafe bangon ɗakin Inna da shi, kai tsaye a kan ginin ƙasa, ba raga ba ƙusa. Ga shi azumin shekarar ya faɗo a Maris zuwa Afrilu, zafin Sakkwato ya wuce digiri 40, yaran da ya ɗebo suna gudun ɗaukar ruwa, filastar nan ko sau ɗaya ba a ba ta ruwa ba. Kuɗin 'yan ga-ruwa kuwa kullum sai ya karɓa.

Daren wata Laraba cikin Agusta, ana ruwan nan mai zuwa da iska daga gabas, muka ji rugum. Wallahi har yau in aka yi tsawa da dare sai na tashi zaune. Na fito ba takalmi, fitilar waya a hannu, na tarar filastar bangon gabas ta ɓallo gaba ɗaya, ta janyo saman bangon da ya riga ya sha ruwa ta baya, duk sun zube a kan gadon Inna. Allah Ya sa ta fito kama ruwa. Tana tsaye a tsakar gida da buta, ruwa na dukanta, ba ta ce komai ba sai innalillahi. Katifar ta zama laka, jeren samirunta na aure duk sun lotse, akwatin Baba da takardun gonarmu ke ciki ya cika da ruwa. Na ɗauki ɓallin filastar na matsa da yatsa biyu, ya marmashe kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana a ruwa. Da gari ya waye na shiga zaure na farka buhu na farko a jerin baya, yashi ya zubo mini a ƙafa.

Abin da ya fi faɗuwar bangon ciwo shi ne zaman da aka yi bayan nan. Gwaggo ta zo tana kuka tun daga bakin ƙofa, wai za a tona wa maraya asiri. Baffanmu babba ya dube ni ya ce, "Mi kaka so a yi mai? Ƙanenka na. A bar ma Allah." Shi kuwa gogan yana zaune ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin sabon babur ɗin da yake kabu-kabu da shi. Ko haƙuri bai ba Inna ba. Ni aka ce in ba Gwaggo haƙuri don na ɗaga murya. Bare ne da na kai shi gaban mai unguwa ko alƙali ya biya ni, amma wannan kullum muna sahu ɗaya a masallaci, ranar suna shi ke raba goro. Har yau in ya gaishe ni amsawa nake yi, zuciyata dai ta ƙi.

Ban ce ɗan baffanku haka yake ba, Allah Ya sani, ƙila mutumin kirki ne. Amma in har za ka ba shi, ka je ka ga ginin da ya yi wa wani da idonka, wanda ya ci damina biyu ko uku, ka ƙwanƙwasa bangon ka ji ko yana amsa kamar fanko. Ku yi jinga a gaban mutum biyu kamar yadda za ka yi da baƙo, ka biya shi cikakken haƙƙinsa. Sauƙin nan da ake cewa za a yi maka shi ke ɗaure maka baki ranar da aiki ya lalace. Makullin ɗakin kaya kuma ya zauna a bakin zanen tsohuwarku, ita za ta ƙirga buhun da ya fita, da yamma a dawo mata da fankonsa. Ba mai iya yi wa tsohuwa wayo a ƙirga. Kuma kada ka tara siminti da yawa, ko ba ɓarawo danshi na daskarar da shi in ya yi watanni. Ka ɗora shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Af, kafin ma siminti. An raba gadon gidan nan? Ba ka faɗa ba. In ba a raba ba, duk bulon da ka ɗora na magada ne gaba ɗaya ranar da aka zo rabo, sai fa in an rubuta. Ku tara kowa, har 'yan'uwanku mata da ke gidajen aure da 'yan ɗakin kishiya in akwai, a kira malami ko mai unguwa, a rubuta wane ya sa nawa, kyauta ce ko bashi ne a kan gida. Allah da kanSa Ya ce a rubuta bashi, aya ta 282 a Baƙara, ita ce ma mafi tsawo a Alƙur'ani, don haka kada wani ya ce maka rashin yarda ne. Wani maƙwabcinmu ya zuba kuɗin sallamarsa na aiki a gidansu, tayil har bayi, bayan rasuwar uwarsu aka yi wa gidan kuɗi da gyaransa duka aka raba, yanzu haya yake yi a Mabera.

Ta ina za ku fara? Daga sama, ɗan'uwa. Ƙannenka za su matsa a yi fenti da tayil don a gani a yaba, kada ka biye musu. Ruwa ke kashe gida a garin nan, duk da daminar tamu gajeriya ce, Yuni zuwa Satumba. Ka hau rufin ɗakin tsohuwa da kanka. In soro ne na azara, duba indararo ko ya toshe, duba inda ƙasar rufin ta lotsa ruwa ke kwanciya, ka soka wuƙa a kan azarar da ke cikin bango ka ji ko gara ta cinye ta. Azarar giginya mai kyau tana daɗewa fiye da katakon da ake sayarwa yanzu, kada ka yarda a ce a cire ta don kawai ta tsufa. In kwano za ku sa, bandir ɗaya falle 20 ne, ka ƙirga a gaban mai shago. Katakon ku shafe shi da baƙin mai ko maganin gara kafin a hau da shi, wannan aikin yara ne, da tsumma da safar hannu sun gama. A ɗaure katakon a jikin gini da langalanga ko rodi, a yi wa bango rawani ya danne bakin kwanon, in ba haka ba iskar farkon damina za ta kai maka rufin gidan maƙwabta.

Ginin ƙasa kuma, don Allah kada a shafa masa siminti haka kawai. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti ba ya binta, sai ya rabu da bango ya bar rami a tsakani. Ruwa ya samu tsaga ya shiga ba ya fita, bango na ruɓewa a ciki kai kana ganin waje sumul. Ko dai ku nemi tsofaffin magina, har yanzu akwai su a cikin gari, su yi muku yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, yadda aka saba ku riƙa sabuntawa, ko a kafa ƙusoshi a ja ragar waya kafin filasta. Bangon gabas ya fi kowane shan duka, shi za ka fara dubawa, sai gindin bango inda ruwan indararo ke faɗuwa. Nan ku yi masa dakali ya kore ruwa. Tsakar gida ma a duba gangarenta, ruwa ya nufi rariya, kada ya nufi ɗakuna.

Abin da ni da ƙannena muka yi da hannunmu bayan wannan masifa, kuma ya yi kyau: kwashe ɓaraguzai, tankaɗe yashi, jiƙa bulo, dama kwaɓi, miƙa wa birkila, ban ruwa, kankare tsohon fenti, cike ƙananan tsagogi, da fentin kansa. Kuɗin lebura kaɗai da muka tsira da shi ya saya mana ƙofofi biyu na ƙarfe. Ranar Asabar muke gayya, abokan ƙannena su zo, matan gida su yi tuwon shinkafa da miyar yakuwa, a dama fura a babbar roba, kafin azahar an yi aikin da 'yan kwadago za su ja shi kwanaki. Sai dai gayya sau ɗaya ko biyu take daɗi, in ta zama kullum za ka ga kowa wayarsa a kashe. Akwai ƙanena guda da bai taɓa ɗaukar shebur ba, sai an gama ya zo ya riƙe ƙugu yana cewa layin nan ya karkace. Shi ma na bar shi da halinsa.

Ban ruwan nan kada ka raina shi. Sabuwar filasta ko daɓe safe da yamma har mako guda, ka ɗora wa yaro ɗaya alhakinsa, ka kuma duba da kanka. Shi ya sa na fi son a yi aikin siminti daga ƙarshen damina zuwa sanyi, lokacin rijiyoyi da ruwa, kurar 'yan ga-ruwa ba ta yi tsada ba, rana kuma ba ta ƙona aiki. In hunturu ya kankama iskarsa ma tana busar da filasta da wuri, sai a ƙara ruwa. Kada ku yi fenti sai bango ya yi kamar wata guda ya bushe sarai, in ba haka ba ya yi ta kumbura yana ɓarewa. Yashi kuma a samo na gulbi mai tsabta. Ka damƙi jiƙaƙƙe a hannu, in ya bar maka jan laka a tafi to da ƙasa a ciki, ka mayar da tifar. Bulo ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka saki, in ya watse gari ka bar wurin, sun ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa.

Abu biyu ne ban yarda kai ko ƙannenka ku taɓa ba, wayar lantarki da zuba linta ko dakin, wato rufin kankare. Ku kira mai sana'ar, ku biya shi. Wayar ma kai za ka sayo, ka sa a kankare bakinta a gabanka, don akwai wadda ake shafa wa jan ƙarfe a sama cikinta farin ƙarfe ne, ita ke zafi ta kama silin. Mai kauri 2.5 ta soket, 1.5 ta ƙwan fitila, kada a haɗa maka duka da ƙaramar. Tayil kuwa in lokacinsa ya zo ka sayi kwali ɗaya ko biyu fiye da lissafi, don in ya ƙare ka koma kasuwa da wuya ka samu irinsa sak.

Kuma ka fitar da tsohuwa daga ɗakin nan tun yau, kada ka jira a fara aiki. Za ta ƙi, za ta ce nan mijinta ya bar ta, tamu ma haka ta ce. Ka turo mata wanda take jin nauyinsa, ko ƙaninta ko limamin unguwa, ya lallashe ta ta koma ɗakin bulo har a gama. Takardun gida da na gona ku sa su a leda ku kai gidan wani.

In ka samu dama ka ɗauko hoton bangon gabas daga gindi, da na rufin ta ciki inda yake yoyon, ka sa a nan, akwai magina a cikinmu da suka fi ni sani. Ina da baro da tsani da rariyar tankaɗe yashi suna ajiye, in kuna so ka aiko yaro ya ɗauka, amma a dawo mini da tsanin kafin damina don zan hau namu rufin. Allah Ya rufa asiri, Ya ƙara wa tsohuwa lafiya.